"Make hay while the sun shines": wai me ya haɗa rana da sa'a?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah malaman Turanci ku kawo mini ɗauki. Yarinyata tana ajin ƙarshe na sakandare, bana za ta zauna WAEC in Allah Ya kai mu. A gwajin makaranta aka ce su rubuta labarin da zai fito da ma'anar "Make hay while the sun shines". Ita kuwa baiwar Allah ta buɗe ƙamus, ta ga hay busasshiyar ciyawa ce, sai ta zauna ta tsara labarin wani mutum da ya yanko ciyawa ya shanya, rana ta busar, ya kai wa akuyarsa ta ci ta ƙoshi. Shafi biyu cur. Malamin ya ba ta 8 cikin 50, ya rubuta da jan biro wai ba ta fahimci tambaya ba. Tun da ta dawo take kumbure-kumbure, ko abinci ta ƙi ci. Ni kuma Turancin nawa na asibiti ne da kasuwa. Mene ne ainihin abin da ake nufi?

Ticha Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce wa jikata ta ci abincinta, ba kanta farau ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli, kuma da wuya shekara ta fita ban samu wanda ya shanya mini ciyawa a takardar jarrabawa ba. Karin magana ce. Ma'anarta: in dama ta samu, a yi aiki da ita tun ba ta wuce ba, don ba zama take yi ba. Abin da masu jarrabawa ke nema shi ne labari mai kalmomi kamar 450, wanda a ciki wani ya samu dama ya kama ta da hannu biyu, ko kuma ya yi sake ta kuɓuce masa ya dawo yana cizon yatsa. Ko kalmar ciyawa ba sai ta fito a labarin ba.

Maman Husna:
Allah Ya saka da alheri Baba Ticha. Wato akuyar ma ba ta da gurbi ke nan.

Ɗan Gardama:
Ai wannan ba ya buƙatar dogon Turanci. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Shi ke nan, an gama, a kawo wata.

Mai Harawa:
A'a, ba a gama ba. Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Baba Ticha, ka ce rana a nan tana nufin dama, lokacin jin daɗi. To tun yaushe rana ta zama abin nema? Mu a wurinmu in aka ce mutum ya sha rana, ai wahala ya sha. In aka ce a rabu da Bukar a haifi Habu, wata magana ce, amma in aka ce wane ya samu inuwa, kowa ya san ya huta. Uwa ma inuwa ake ce mata, shugaba nagari inuwa ne. Wa ya taɓa yi wa ɗansa addu'a ya ce Allah Ya sa ka a rana? Kuma wata bakwai muke yi rana na ƙwallewa ba ko ɗigon ruwa. In shanya ce, ka shanya yau, ka shanya gobe, ka shanya wata mai zuwa. Saurin me ake yi? Ni ban ga laifin yarinyar nan ba wallahi.

'Yar Zazzau:
Bukar da Habu kuma daga ina suka shigo, Alhaji? Amma dai tambayarka ta yi ma'ana.

Mai Harawa:
Bakina ne ya zarce, ƙanwata.

Baƙon Ingila:
Alhaji Mai Harawa, ka zo nan ka yi hunturu ɗaya, da kanka za ka riƙa yi wa rana kirari. Shekarata ta shida ke nan a arewacin Ingila, yankin Yorkshire. Bari in ba ka wani abu da ni ma ya ba ni mamaki da na fara jin sa: in aka auna ruwan da ke sauka a shekara, Kano ta fi Landan. Landan wajen milimita 600 take samu. Bambancin shi ne namu yana zuwa a dunƙule, wata huɗu zuwa biyar, ya zuba kamar da bakin ƙwarya ya wuce abinsa. Nasu kuwa yayyafi ne da ba ya da wata, ba ya da ranar hutu. Ka san yadda marka take a watan Agusta, gari ya lumshe, wanki ya kwana uku a igiya yana warin danshi? To ka ɗauka marka ce ake yanka ta ƙanana-ƙanana ana watsa ta a duk tsawon shekara. Za ka fita da safe sama tas, kafin ka kai bakin titi ka jiƙe.

Yanzu ka sa kanka a matsayin manomin nan na shekara ɗari biyar da suka wuce. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ciyawa ba ta girma saboda sanyi, shanu a ɗaki suke, abin da ka tara musu shi za su ci. Ciyawar kuwa a Yuni da Yuli take kai wa yanka. Ɗanyarta kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, sai an busar da ita har ruwan ya koma ƙasa da kashi 20 cikin ɗari kafin a iya ajiye ta. Wannan yana son kwana uku, huɗu, wani lokaci biyar a jere ba ruwa, ana juya ta ana baza ta. A ƙasar da samun kwana biyar a jere ba ruwa sai an yi sa'a. Kuma babu rediyon da zai gaya maka hasashen yanayi, sai dai ka ɗaga kai ka dubi sama. Shi ya sa da rana ta fito ake barin komai, maza da mata da yara a bazama gona. A Yuni nan rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, to har lokacin ake aiki. Wanda ya ce bari sai jibi, ruwa ya sauka a kan ciyawarsa, shi ne zai yanka shanunsa a farkon hunturu don ba abin da zai ba su.

Mai Harawa:
Ikon Allah. Wato su rana ce daminarsu.

Baƙon Ingila:
Ka gama magana Alhaji. Har ma in suna nufin tanadi don ranar wahala, cewa suke yi a ajiye don "rainy day", ranar ruwa. Ruwan da mu muke fita roƙo a kansa, mu kira shi rahama.

Ticha Mai Ritaya:
Madalla da wannan bayani, ɗana. In ƙara da tarihi kaɗan. Wani Bature mai suna John Heywood ya tattara karin maganganun Ingilishi ya buga a 1546, zamanin Sarki Henry na Takwas, kuma wannan tana ciki. Tun da tattarawa ya yi, ke nan ta riga shi a bakin manoma. Ba Ingila kaɗai ba, duk arewacin Turai aikin ciyawar nan babban al'amari ne. Mutanen Finland har yau sunan watan Yuli a harshensu, heinäkuu, ma'anarsa watan ciyawar shanya. Tsofaffin Jamusawa da mutanen Holan ma haka suke kiran watan.

Sannan a lura, Bature ya raba hay da straw. Hay ciyawa ce da aka yanka tana kore aka busar don dabba ta ci. Straw kuwa karan alkama ne ko sha'ir da ya rage bayan an cire ƙwaya, shimfiɗa ake yi wa dabbobi da shi. Da Hausa hay shi ne ingirici.

'Yar Zazzau:
Ingirici? Baba ni dai ban taɓa jin wannan kalmar ba, kuma a Zariya aka haife ni.

Ticha Mai Ritaya:
Don ba ki tashi gidan da ake ɗaure doki ba, 'yata. Tambayi duk wani tsohon bargan sarki.

Mai Harawa:
Akwai ta, Baba ya yi gaskiya, kakana yana faɗa. Amma yanzu da na saurari Baƙon Ingila, sai na ga ashe ni ma ina cikin karin maganar nan tsundum ban sani ba. Na ce muna da rana wata bakwai, haka ne, amma harawa ba ta jiran wata bakwai ɗin. Harawar wake da ta gyaɗa lokacinsu ƙarshen damina ne, daidai sanda ruwa ke sallama yana dawowa. In ka yanke ta da ganyenta kore, ka samu rana ta kwana biyu uku, ka naɗe ta dami-dami ka ɗora a kan rufi ko a cokalin bishiya, to ka ajiye kuɗi. In ka bar ta a gona ta wuce lokaci, ganyen ya kakkaɓe, sai igiyar kawai, ko dabbobin wani su riga ka.

Shekara uku da suka wuce na sayi harawar gona guda a tsaye. Muka yanka ranar Laraba muka baza. Ranar Alhamis akwai ɗaurin auren ɗan aminina a wani gari, yarana suka ce Alhaji a naɗe yau, na ce ku bari ta ƙara shan rana, ai ruwa ya ɗauke, mun shiga Oktoba. Daren Juma'a hadari ya taso daga gabas. Da na dawo na sa hannu a ƙarƙashin tarin, ɗumi na ji kamar an dafa. Ta yi baƙi, ta yi fumfuna, warin ma daban. Raguna suka sunsuna suka kau da kai. Wadda na yi niyyar ajiyewa sai gab da Babbar Sallah, lokacin da masu kiwo ke neman ta ido rufe, ƙarshenta taki ta zama.

Baƙon Ingila:
Allah Ya mayar da alheri Alhaji. Wannan ɗumin da ka ji, a nan har gobara yake tayarwa. In aka tara ciyawa da sauran danshi, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna ci suna fitar da zafi, tarin kuma ya riƙe zafin ba ya fita. In ya haura digiri 70 an shiga haɗari, tana iya kamawa da wuta da kanta ba wanda ya ƙyasta ashana. Rumbuna da yawa sun ƙone ta haka. Ƙurar fumfunar kuma tana lalata huhun manomi.

Ɗan Gardama:
Duk wannan zagaye-zagayen, ƙarshenta dai wurina za ku dawo. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Na Damagaram:
Mu ma a lakwal, wato makarantar boko a Nijar, da Faransanci ta ƙarfen aka koya mana, battre le fer tant qu'il est chaud. Ta ciyawar nan sai yau na ji ta. Ina goyon bayan Ɗan Gardama, abu guda ne.

'Yar Zazzau:
Ni ban yarda abu guda ba ne. Ku duba da kyau. Wa ya sa ƙarfen ya yi zafi? Maƙeri. Shi ya hura wuta, shi ya sa yaro zuga. In ƙarfe ya huce, sai ya mayar da shi wuta ya sake. Asararsa gawayi ne da ɗan lokaci. Manomin fa? Shi ya kunna rana? In ta shige gajimare, yana da zugazugin da zai dawo da ita? Ta ƙarfe tana cewa ka fara abu, ya ɗauki zafi, kada ka bari ya huce: an yi maka alkawari, je ka karɓa tun mai alkawarin bai canja ra'ayi ba. Ta ciyawa kuwa tana cewa wani yanayi ya zo maka wanda ba kai ka kawo shi ba, ba ka san ranar tafiyarsa ba, kwashi iya abin da za ka iya. Ɗaya bugu ɗaya ne a kan lokaci, ɗaya kuwa aiki ne tuƙuru har sai yanayin ya juya.

Ticha Mai Ritaya:
Wannan yarinya da a ajina take da ta ci 45. Turawan ma suna da ta ƙarfen, "strike while the iron is hot", kuma ita ma tana cikin tarin Heywood. Da ma'anarsu ɗaya sak, da ɗaya ta kashe ɗaya tuntuni.

Ɗan Gardama:
To Malama mai 45, kawo mana wadda ta fi tawa.

'Yar Zazzau:
Da sanyin safiya ake kama fara.

Mai Harawa:
Kai! Wannan ita ce. Duk wanda ya taɓa kamun fara ya sani. Da asuba sanyi ya kama ta, fiffikenta ya yi nauyi da raɓa, tsinta kawai kake yi kana zubawa a buhu. Da hantsi ya ɗaga jikinta ya yi ɗumi, sai dai ka bi ta da kallo. Ba kai ka kawo sanyin ba, ba ka isa ka tsayar da shi ba.

Na Damagaram:
Abin dariya, a tasu fitowar rana ce dama, a tamu fitowar rana ce ƙarshen dama.

Ɗan Gardama:
Na ji, amma in don ɗalibi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ma ta shiga.

Ticha Mai Ritaya:
Ba ta shiga ba. Wannan ta tarbiyya ce, wani ne ke tanƙwara wani. Kada ka ruɗa mana yarinya.

Ɗan Gardama:
Shi ke nan na bar muku wannan. Amma bari in tayar da wadda ta fi ta. Kuna ta wanke karin maganar nan kamar wa'azi ce. Ni a inda na fi jin ta, ba wa'azi ake yi da ita ba. Wani ɗan uwanmu ya samu muƙami a wata ma'aikata, ranar walima wani babba mai furfura ya ja shi gefe, ina tsaye ina ji, ya ce masa "my son, make hay while the sun shines". Kuna tsammani cewa yake ya dage da aiki? Cewa yake kujera ba ta da tabbas, ka gina gida, ka sayi fili, ka tara tun ba a sauke ka ba. Wannan ita ce fassararta a Najeriya. Karin maganar ɓarayin biro ce.

Almajirin Malam:
Subhanallah. Ai kuwa asalin ma'anar tana da kyau, har akwai hadisin da ya zo da irinta: ka ribaci biyar kafin biyar, ƙuruciyarka kafin tsufanka, lafiyarka kafin cutarka, wadatarka kafin talaucinka, sararinka kafin shagalarka, rayuwarka kafin mutuwarka. Don wani ya ɗauki magana mai kyau ya yi ɓarna da ita, ba laifin maganar ba ne.

Ɗan Gardama:
Allah gafarta Malam, hadisi ya faɗi abin da za a ribata da kuma dalilin. Ita wannan ba ta faɗa ba. Cewa kawai ta yi kwashi. Ciyawar wa? Gonar wa? Shiru.

Baƙon Ingila:
Gaskiya Ɗan Gardama yana da hujja a nan, ko a bakin masu harshen tana da fuska biyu. In ka ji ta cikakkiya, yawanci shawara ce ta alheri ko ta kasuwanci. Mai gyaran tukunyar ɗumama ɗaki da ya zo gidana a Disamba, na ce masa ka sha aiki, ya yi dariya ya faɗe ta, alhali a waje ƙanƙara ce ke zuba, rana kuwa tun kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Shi sanyi ne ranarsa. Amma in aka gutsure ta aka ce wane "made hay", musamman a jarida, sau da yawa akwai ɗan zargi a ciki. Minista ya yi katoɓara, sai a rubuta cewa 'yan adawa sun "made hay" da maganar, wato sun samu abin yi, sun yi ta yayata ta don su ci riba. Ba a ce sun yi ƙarya ba, amma ana nuna cewa murna suke da tuntuɓen wani.

'Yar Zazzau:
To wannan ai muna da ita, kuma tamu ma daga gona ta fito: kaka. Kakarsu ce ta zo. Ku tuna farkon 2023 da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace, masu POS suka riƙa yankar mutane son ransu. Me kowa ke cewa? Kakarsu ce. In fetur ya yi wuya, kakar 'yan bumburutu ce. In zaɓe ya matso, kakar maroƙa da masu buga fosta. Kalmar ba ta zagi ba, ba ta yaba ba, muryar mai faɗa ce ke nuna inda aka dosa.

Ticha Mai Ritaya:
Wannan ta fi kama "make hay" a gutsure fiye da duk abin da aka kawo. Da ni ne mai fassara labarai a rediyo, "opposition made hay" zan ce 'yan adawa sun samu na yi, ko gaba ta kai su. In kuma cikakkiyar ce a bakin uba yana yi wa ɗansa nasiha, in kawo ta fara. In ɗan kasuwa ne ke faɗa a kan kansa, in ce yana cin kakarsa. Magana ɗaya, riga uku, gwargwadon mai sawa.

Mai POS Ɗin Unguwa:
Ina karantawa fa. Mu ma a lokacin sayen kuɗin muke yi, kwana muke a layin banki. A daina sa mu a misali.

'Yar Zazzau:
Yi haƙuri yayana, misali ne ya faɗo kanka.

Mai POS Ɗin Unguwa:
Kullum a kanmu yake faɗowa.

Admin:
Jama'a a tsaya kan karin magana. Maganar canjin kuɗi mun yi ta a nan har an fitar da mutum biyu, ba za mu sake ba.

Anti Nas:
Sai yanzu na sauka daga aiki na tarar da wannan. Ni tawa ƙorafin daban ce. Ba wanda aka fi jifa da karin maganar nan irin 'ya mace. Ina shekara 24 ina makarantar koyon jinya, wata gwaggona 'yar boko ta zaunar da ni ta ce in "make hay", wai rana ta mace ba ta daɗewa, in zaɓi ɗaya cikin masu zuwa tun suna zuwa. Wato ni ce ciyawar ko ni ce manomin, har yau ban gane ba. Na ƙarasa karatuna, na yi aure a 29, ga 'ya'yana uku. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake amfani da ita a tsorata mutum ya yi gaggawa. Ai ba kowace rana ce ta yanka ba.

Mai Harawa:
Hajiya Nas, wallahi ko a gona haka ne. In ka yanke harawa wake bai gama nuna ba, don kawai ka ga rana, ka yi asarar waken. In ciyawa ba ta kai ba, ka yanka, ta bushe ta zama ba auki. Sai abu ya kai, sannan rana ta yi amfani. Gwaggonki rabin karatun ta ɗauka.

Almajirin Malam:
Amma dai Anti, iyaye ba sa faɗin haka da mugun nufi. Jinkirin ma yana da nasa.

Anti Nas:
Ban ce mugunta ba ce Malam. Na ce a bar Turancin Ingila a gonar Ingila, a yi mini magana da Hausa in san me ake nufi in ba da amsa. Da ta ce mini "ki yi aure", da na ce "sai na gama". Da ta lulluɓe shi da karin magana, sai na zama mai musu da hikimar magabata.

Ɗan Gardama:
Magabatan wasu ma.

Baƙon Ingila:
Wani abin dariya, su kansu manoman nan yanzu da yawa sun rage dogaro da ranar. Mafi yawan masu shanun madara sun koma sailej: a yanka ciyawa, ta sha iska kwana ɗaya ko biyu, a naɗe ta da danshinta cikin baƙar leda ko a danne ta a rami a rufe, iska ba ta shiga, ta yi tsami kamar kunun da ya kwana, ta ajiyu har hunturu. In kana tafiya a mota za ka ga manyan ƙunshin baƙar leda jere a gefen gona, su ne. Masu dawaki da tumaki ne suka fi riƙe busasshiyar. Karin maganar dai ta fi aikin da ya haife ta tsawon rai, yaran birni suna faɗinta ba su taɓa riƙe lauje ba.

Ticha Mai Ritaya:
Kamar yadda yaranmu ke cewa kakarsa ta yanke saƙa, ba su taɓa ganin masaƙa ba.

Maman Husna:
Kai jama'a, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na miƙa mata wayar ta karanta tun daga sama. Ta ce a gaya wa Alhaji Mai Harawa labarinsa za ta rubuta, na ɗaurin aure da hadarin daren Juma'a. Na ce mata ba an ce ba a son ciyawa ba? Ta ce ai wannan ba labarin ciyawa ba ne, labarin "bari sai jibi" ne. Baba Ticha, ya halatta?

Ticha Mai Ritaya:
Ya halatta, har ya fi. Ta farko ta faɗi ne don ba wanda ya yi zaɓi a cikinta, ba abin da aka samu ko aka rasa, akuya ce kawai ta ƙoshi. Wannan kuwa akwai gargaɗin yara, akwai taurin kan maigida, akwai sakamako. Sai dai ta kula da abu biyu. Na ɗaya, ta nuna wani maƙwabci da ya naɗe tasa ranar Alhamis, don a ga bambanci. Na biyu, in za ta sa karin maganar a bakin wani, ta bar ta yadda take. In kuma labari take bayarwa na abin da ya wuce, to "made hay while the sun shone". Shone, ba shined ba. Nan ne rabin aji ke zubar da maki.

Mai Harawa:
A gaya wa 'yata na yafe mata labarin, amma kada ta sa sunana. Kuma maƙwabcin da Baba ya ce a ƙirƙira, ba sai an ƙirƙira ba, akwai shi. A wurinsa na sayi harawar da na ba ragunana a shekarar.

Ɗan Gardama:
Nawa ya sayar maka?

Mai Harawa:
Admin ya ce a tsaya kan karin magana.

Na Damagaram:
Baba Ticha, kafin a watse, na ga wata kuma wai "hit the hay". Ita ma ta noma ce? Dukan ciyawar ake yi kamar sussuka?

Ticha Mai Ritaya:
A'a, wannan kwanciya barci ce, daga zamanin da ake cusa ciyawa a buhu a yi katifa. Buɗe mata nata zaren gobe, yanzu sha ɗaya ta wuce.